Giyar Babbar Mota: A Gyara Inda Ya Lalace, Ko a Warware Ta Duka?

Daga watan Oktoba zuwa Janairu babu mai babbar mota a ƙasar Gaya da Ajingi da yake son a ambata masa gareji. Gero ya shigo, wake da gyaɗa da riɗi suna biye, 'yan kasuwa na neman motar da za ta kwaso buhuna daga Kademi ko Toranke ko Balare, ta fito da su bakin kwalta, ta bi ta Wudil ta kai Dawanau. A daidai lokacin ne kuma giya ta fi nuna halinta, domin lodi ya yi nauyi, hanyoyin ƙauye yashi ne da gargada, direba kuma sauri yake ya sauke ya juyo. Sai a wayi gari ya bugo waya: "Alhaji, lamba uku fa tana fita da kanta," ko kuma, "In na ɗora lodi kuka take yi."

Idan aka kai ta wurin bakanike, magana biyu mai mota zai ji. Ko dai a buɗe akwatin giyar a canza abin da ya lalace kaɗai a mayar, ko a warware shi gaba ɗaya, a wanke, a auna kowane ƙarfe, a zuba sabbin boris da sil da zobba, wato abin da kanikawa ke ce wa obahol. Na farko ya fi sauƙin kuɗi, motar kuma ta fi saurin komawa hanya. Na biyu yana cin aljihu, yana cin kwanaki. Yawancin masu mota aljihunsu ne ke yanke musu hukunci, wasu kanikawan kuma abin da zai fi kawo musu suke dubawa. A ganina ba nan ya kamata a fara ba. Abin tambaya shi ne, ɓarnar a wuri ɗaya ta tsaya, ko ta bi mai ta zaga akwatin? Wannan abu ne da ake gani da ido, wani ɓangarensa ma tun giyar tana jikin mota.

Amma kafin a kai nan, a tabbatar ciwon a cikin akwatin yake, domin an sha sauke giya mai lafiya saboda laifin wani abu dabam. Idan duk lambobi suna wahalar shiga, ribas kuma tana gurzawa ko da an taka kuloci har ƙasa, to kulocin ne ba ya saki sosai. A duba mansa, a duba faranti. A gwada kuma sa giya injin yana kashe: in ta shiga sumul, amma da an tayar ta ƙi, akwatin ba shi da laifi. Idan ƙara tana tashi ne sai an taka kuloci, boris ɗin kuloci ne. Idan kuwa motar tana tsaye a firi tana kuka, da an taka kuloci kukan ya ɗauke, wannan kam daga ciki ne, boris ɗin shaf na gaba ko na ƙasa. Giyar da ke fita da kanta a kan gargada kaɗai, sau da yawa robobin da ke riƙe da injin ne suka mutu, ko sandunan da suka haɗa liba da akwati suka yi sako-sako. A manyan motoci irin su DAF da MAN da Howo, iska ce ke canza giya daga ƙananan lambobi zuwa manya. In motar ta ƙi hawa sama, a fara da bututun iska da bawul da matatar iska kafin kowa ya ɗauko jak. Yawancin waɗannan aikin yini guda ne, kuma kanikawan Gaya da Wudil suna yin su.

To, an tabbatar daga ciki ne. Yana da kyau mai mota ya san abin da ke cikin akwatin nan ko da a taƙaice. Shaf ne guda uku: wanda ke karɓo ƙarfi daga kuloci, da na ƙasa wanda yake juyawa a cikin mai, da babban shaf da ke fita zuwa farfela. Haƙoran giyoyin kullum a sarƙe suke da juna, ba su ne ke shiga da fita ba. Abin da direba ke turawa da liba wani awarwaro ne da ke kulle giyar da aka zaɓa a jikin babban shaf, a gabansa kuma akwai zobe, galibi na tagulla, wanda aikinsa daidaita gudun ƙarafan biyu kafin su haɗu. Shaf na ƙasa shi ke watsa mai sama ya jiƙa komai, ko da yake wasu manyan akwatunan suna da ɗan famfo da ke taimakawa. Abin lura a nan shi ne mai ɗaya ne ke wanke kowa, kuma yawancin akwatunan ba su da matatar mai irin ta injin. Kamar rijiya ɗaya ce da duk gari ke sha, abin da ya faɗa ciki kowane gida sai ya ɗanɗana.

Shi ya sa shaidar farko ita ce man giya. Mai mota ya tsaya da kansa, ko ya sa wanda ya yarda da shi, a tsiyaye man da sauran ɗuminsa a cikin roba mai tsabta, ba a ƙasa ba, ba kuma a tsohon galan mai baƙin mai ba. A fara duba yawansa. Akwatin ZF mai lamba 16 yana shan sama da lita 10. In abin da ya fito bai kai rabi ba, to giyar ta yi tafiya da ƙishirwa, kuma babu boris ɗin da za a rantse a kansa. Sai a fita da robar cikin rana a karkata ta. In ana ganin ƙyalli ruwan zinariya yana yawo, tagullar zobba ce ta cinye. In man ya koma fari-fari kamar an zuba masa madara, ruwa ya shiga, ko ta ƙofar numfashin da ke saman akwati lokacin da aka kutsa kududdufi da damina, ko wurin wankin mota. In ya yi baƙi yana warin ƙuna, zafi ya dafa shi.

Daga nan sai murfin tsiyayar, wanda a yawancin motoci akwai maganaɗisu a jikinsa. A shafo abin da ya manne a murza tsakanin yatsu biyu. In laushi ne da shi kamar kwalli, toka-toka, ba ya sukar hannu, wannan cin yau da gobe ne, kowace giya tana yin sa. In kuwa ana jin tsini, ana ganin ɓarɓashi masu walƙiya kamar ƙaiƙayi, ko gutsuren ƙarfe mai girman ƙwayar gero ko wake, to wani abu ya farfashe a ciki, kuma tun ranar da ya fashe ɓarɓashinsa ke bi ta cikin kowane boris, yana shiga tsakanin kowane haƙori. Wannan murzawar ta daƙiƙa biyar ta fi duk wata muhawara da za a yi a bakin gareji.

Gyaran wuri ɗaya yana da muhallinsa, kuma ba ha'inci ba ne, ba kuma rowa ba. Idan man ya fito cikakke, mai tsabta, maganaɗisu babu tsini, kuma matsalar lamba ɗaya ce tak, misali lamba biyu ko uku tana gurzawa in an zo sakawa, to zoben wannan lambar ne da awarwaronsa suka gaji, don su aka fi wahalarwa. A canza su. Haka in sil ɗin baya ne ke yoyo aka kuma gano da wuri, ko cokalin da ke tura awarwaro ya lanƙwashe saboda direba mai ɗora hannu a kan liba yana tafiya, ko sifirin da ke riƙe giya a mazauninta ya karye. Wasu daga ciki ma ta murfin sama ko ta baya ake yin su, ba sai an sauke akwatin ba. Sharaɗin dai guda ne: a san abin da ya jawo lalacewar, a kuma ga cewa bai taɓa maƙwabta ba. Bakaniken da ya ce "wannan ne kawai" amma ya kasa faɗin dalilin da ya sa wannan ɗin ya mutu, bai gama bincike ba.

Akwai kuma inda gyaran wuri ɗaya zubar da kuɗi ne, ko da mai mota ba ya son ji. Haƙori ya karye ya zaga. Boris ya watse, ƙwayoyinsa sun zube cikin mai. An yi tafiya babu mai har ƙarafa sun canza launi sun yi shuɗi-shuɗi. Ruwa ya kwana a ciki har tsatsa ta ci fuskar boris. Kuka yana tashi a kowace lamba in ban da lambar da ƙarfi ke wucewa kai-tsaye ba ta shaf na ƙasa ba, alamar boris ɗin shaf na ƙasan sun tafi. Lamba biyu ko uku daban-daban suna fita da kansu, alamar babban shaf ne ke girgiɗi. Ko kuma an taɓa buɗe akwatin bara, ga shi bana ya dawo da wani kukan. A duk waɗannan, in an canza abin da ido ya gani kaɗai, sabon ƙarfen zai zauna ne a kan shaf mai lilo, cikin boris masu rauni, kuma ba zai daɗe ba.

Wani abu da masu mota ba su cika sani ba shi ne giya biyu da suka shekara suna cuɗanya sun ci juna, kowace ta ɗauki siffar 'yar'uwarta. In aka canza ɗaya aka bar ɗaya mai ramuka a fuskar haƙori, nauyin zai taru a ɗan wuri kaɗan maimakon ya bazu, sai tsohuwar ta cinye sabuwar. Don haka in haƙori ya lalace, da ita da abokiyar sarƙuwarta ake canzawa. Bakanike na iya cewa, "Alhaji, ta ƙasan da sauranta." A ce ya nuna. A sa farce a bi fuskar haƙorin, in farce yana maƙalewa, babu sauran komai.

Obahol kuma ba yana nufin a zubar da duk abin da ke ciki a sayo sabo ba, kada wani ya ruɗe ka da haka. Ma'anarsa a warware komai, a wanke akwatin da hanyoyin mai har ɓarɓashi ya ƙare, a canza duk boris da sil da gasket da zobban da suka ci, sannan a auna sauran. Giya da shaf masu lafiya suna komawa mazauninsu. A duba jikin akwatin ko ya tsage, a duba ramukan da boris ke zama ko sun buɗe, domin in boris yana juyawa a cikin raminsa, sabo ma haka zai yi. Sannan a daidaita wasan shaf da siraran faranta da ake kira shim, da ma'auni, ba da ƙiyasin hannu ba. Wannan daidaitawar ita ce rabin aikin, kuma ita ce aka fi tsallakewa. Wanda ya warware ya wanke da fetur ya mayar da tsofaffin boris bai yi obahol ba, wanka ya yi wa giya.

Sai lissafi. Mutane kan kwatanta kuɗin zobe ɗaya da kuɗin kayan obahol, su ga tazara mai yawa, su zaɓi zobe. Amma akwai kuɗin da ba ya canzawa ko me za a yi a ciki: sauke akwatin da mayar da shi, sabon mai, zirga-zirgar neman kaya zuwa Kano, da kwanakin da motar za ta yi a tsaye, direba da yaron mota suna jiran na abinci. Gaya zuwa Kano ya haura kilomita 60, daga ƙauyukan Ajingi kuma sai an fara fitowa titi tukuna. In gyaran rabi ya warware bayan wata biyu, duk waɗannan sai an sake biyansu, a ƙara da kuɗin janwe, da kuɗin motar da za ta kwashe lodin mutane daga inda aka lalace, da abokin cinikin da ba zai sake kira ba. Saboda wannan dalilin ne ma, duk lokacin da akwati ya sauka ƙasa, ya kamata a duba farantin kuloci da boris ɗinsa da ɗan ƙaramin boris ɗin da ke tsakiyar fulawul da sil ɗin bayan injin. Kuɗinsu kaɗan ne in aka kwatanta da wahalar isa gare su.

Gaskiya ne kaya sun yi tsada. Tun da Babban Bankin Nijeriya ya saki naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen naira 460 a farashin hukuma har ta haura 1,500 a 2024, kuma kusan duk abin da ke cikin akwatin giya daga waje yake zuwa. Wannan ya sa jabun kaya suka samu kasuwa: boris a kwali mai sunan babban kamfani, cikinsa kuwa ƙarfen banza. Obahol da jabun boris ya fi gyaran rabi muni, don an cire tsoho mai asali an sa sabo marar asali. In kuɗin bai kai a sayi nagari duka ba, gara a faɗa wa bakanike gaskiya, ya zaɓi waɗanda suka fi ɗaukar nauyi a sa musu nagari. Lokaci ma yana cikin lissafi. Motar da ta fara 'yar ƙara a watan Yuli, lokacin da ruwa ya ɓata hanyoyin ƙauye aiki ya ja baya, a lokacin ya kamata a buɗe ta. Wanda ya bari sai tsakiyar kaka, dole ce za ta zaɓa masa, ba shi zai zaɓa ba. Haka shekarun motar: wadda injinta ke hayaƙi, shasi ya sha walda, ana shirin rabuwa da ita baɗi, ba a zuba mata kuɗin obahol. Amma in za a sayar bayan gyaran rabi, haƙƙin mai saye ne a gaya masa.

Akwai hanya ta uku da kowa ya sani, wato a sayo akwati ɗan Beljiyam a ɗora. A Kano Kasuwar Ƙofar Ruwa ake fara nufa, wasu su aika Ladipo a Legas. Yana da amfani in jikin akwatinka ya fashe, ko babban shaf da giyoyi da yawa sun tafi har kuɗin kayan ya kusa kuɗin wani akwatin, kuma ya fi sauri. Illarsa ita ce ba ka san tarihinsa ba. Kada a saya a rufe. A buɗe murfi a leƙa haƙora, a duba maganaɗisu, a juya shaf da hannu a kowace lamba a saurara. A karanta ɗan allon ƙarfen da ke jikinsa a gwada da na tsohon, domin akwati biyu na iya kama da juna a waje amma lissafin haƙoransu ya bambanta, ko mazaunin famfon tifa bai zo daidai ba. A yi yarjejeniyar kwanakin gwaji a gaban shaida. Tsohon akwatin kuma kada a sayar wa 'yan gwangwan da gaggawa, rumbun kayan gyara ne.

Wani zai ce a kai wa mai walda ya cike haƙorin da ya karye a goge. Ƙasar Gaya ba baƙuwar ƙarfe ba ce, tarihin baka ma ya ce maƙeran Abagayawa daga nan suka tashi suka je Dutsen Dala neman tama tun kafin a san birnin Kano. Amma haƙorin giya ba fartanya ba ne. A masana'anta ake ƙona fatarsa ta yi tauri, kaurin fatar bai fi milimita ɗaya ko biyu ba, cikinsa kuma a bar shi da ɗan laushi don ya jure duka. Wutar walda tana kashe wannan taurin, har na haƙoran da ke kusa. Cikon zai iya fitar da mota daga daji ya kai ta gida, iyakarsa ke nan, kuma ranar da ya ɓalle sabon ɓarɓashi ne a cikin mai.

Wa za a ba aikin? Ya danganta da irin akwatin. Tsofaffin Marsandi 911, irin motocin da suka cika hanyoyin Arewa tun zamanin da ANAMMCO ke haɗa Marsandi a Inugu, Steyr na Bauci, kamfanin NTM kuma na haɗa Fiat a nan Kano, akwatinsu mai lamba biyar ne marar rikici, haka na Kanta. Gogaggen bakanike a Gaya ko Wudil zai warware shi ya haɗa. Na ZF da ke cikin DAF da MAN da Iveco kuwa akwati uku ne a jiki ɗaya: lamba huɗu a tsakiya, mai raba kowace lamba gida biyu a gaba, mai ninkawa a baya, shi ya ba da 16. Yana son na'urar matsa boris da ma'auni da wanda ya saba da shi. Na Howo mai lamba 10 da Eaton Fuller na motocin Amurka suna da shaf na ƙasa guda biyu, hagu da dama, kuma akwai alamomi a haƙoransu da dole su haɗu daidai wurin haɗawa. In aka kuskure haƙori ɗaya, ko dai akwatin ya ƙi juyawa, ko ya ci kansa. Irin waɗannan gara a ɗora akwatin a mota a kai wa masu shi a Kano, ko da bakaniken gida zai ji ba daɗi. Ko wane ne kuma, a nemi ya shimfiɗa kayan a kan buhu mai tsabta, ba a kan turɓaya ba, ya nuna kowane abin da ya ce ya mutu, ya kuma dawo da tsofaffin bayan ya sa sababbi.

Ko wanne aka zaɓa, in ba a kashe sanadin ba za a dawo. Tifofin da ke ɗibar yashi a kogin Wudil sukan rasa man giya ta wurin da famfon ɗaga bodi ya manne da akwati, ɗigo-ɗigo, ba wanda ya lura. Motar da ta kafe a yashi ko taɓo, direba ya yi ta wurga ta tsakanin lamba ɗaya da ribas tun ƙafafu ba su tsaya ba, haƙora yake karyawa. Tashi da lamba biyu ko uku da cikakken lodi, da sakin mota a firi tana gudu don tsimin gas, duk suna rage mata kwana. Man da ake zubawa ma a kula: mai kauri na aksul mai alamar GL-5 yana iya cutar da zobban tagulla, yawancin akwatuna masu irin waɗannan zobba GL-4 suke so, sai a bi abin da kamfanin motar ya rubuta. In kuma motar ta mutu a hanya za a ja ta, a kwance farfela tukuna. Injin yana kashe, shaf na ƙasa ba ya juyawa balle ya watsa mai, amma ƙafafun baya suna juya babban shaf a bushe, kuma jan da za a yi daga Gaya zuwa Kano ya isa ya ƙone boris ɗin akwatin da ba shi da laifin komai.

Bayan an haɗa, kada a karɓi mota da gwajin cikin gareji. A ɗora mata lodi a hau titin Wudil, a bi kowace lamba hawa da sauka, a saki totur a kowace a ga ko za ta fita, a tsaya a taɓa jikin akwati a ji zafinsa, a leƙa ƙasa ko akwai ɗigo. Bayan 'yan makonni na aiki a sake tsiyaye man a duba maganaɗisu, musamman in gyaran rabi aka yi. In ya fito da laushi, an dace. In tsini ya dawo, a nemi ranar da za a sauke akwatin tun motar tana iya kai kanta gareji.